Ragar ƙarfe ta jakar kyamara: in saya ko in bari?

Habu Mai Hoto, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Shawara nake nema, kuma na fi son jin bakin wanda ya taɓa riƙe abin da hannunshi. Wata mai kamawa ina da aiki biyu a jere, biki a Yamai, in juyo in wuce Damagaram wani bikin. Tafiyar Yamai kaɗai, daga nan unguwarmu Zariya ta Maraɗi, wajen kilomita 660 ce, wuni guda cur cikin bas, ga tsaye-tsaye a Konni da Dogonduci da Doso. Cikin jakata akwai kyamara Canon 6D, objektif biyu, wato gilashin da ake ɗaurawa gaban kyamara, filashi, batir huɗu, da kwamfutar da nake gyaran hoto da ita. Shekara huɗu na yi ina tara kayan nan, kwamfutar ma har yau ban gama biyan kuɗinta ba.

Abin da ya hana ni sukuni, bara wurin hawan salla aka tsaga ma abokin aikina jaka da reza ta baya, aka zare mishi objektif, bai sani ba sai da ya kai gida. Tun daga ranar ban ƙara runtsawa cikin mota ba.

To ɗan yayana da ke karatu a Faransa zai zo hutu. Ya ce ya ga wata raga ta ƙarfe ta kamfanin Pacsafe, ana zura jaka ciki, a ja bakin ya tsuke, a ɗaure igiyar jikin ƙarfe ko ginshiƙi, a danna kwaɗo. Wadda ya gani yuro 90 ce, jika 59 ke nan da ɗan kai a kuɗin sefa. Tana aiki da gaske? Wane girma ya dace da ni? Ko kuɗin nan gara in kai su wani wurin?

Sani Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam. Habu ka saya kawai. Jika 59 ina ta kai kuɗin objektif guda? Rigakafi ya fi magani.

Laminu Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ina da ita, shekara biyar ke nan, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Kamfanin wasu 'yan Ostireliya biyu ne suka kafa shi a 1998, ofishinshi yana Hong Kong, kuma ragar nan ita ce abu na farko da suka fara yi, don masu yawon duniya da jakar goyo. Siririyar igiyar ƙarfe ce aka saƙa kamar komar masunta, duk inda biyu suka haɗu an danne da ɗan ƙarfe. A bakinta akwai wata igiya mai kauri da ƙulle-ƙulle a jiki, ita kake ja har ragar ta kama jakar tsam, sauran kuma ka kewaya da ita jikin abin da ba ya ɗaukuwa. Girmanta da lita ake faɗi: 55, 85, 120, 140. Sun kuma yi ƙanana musamman don jakar kyamara, C25 da C35. Tawa 55 ce, nauyinta wajen rabin kilo, in ka naɗe ta ba ta fi littafi mai kauri ba.

Abin da take yi maka biyu ne. Reza ba ta wuce ta, kuma ba mai sunkutar jakar ya ruga da ita. Lokacin kokowar takobi na je ɗaukar hoto wata jiha, aka sauke mu mu fi ashirin cikin aji guda na lakkol, ƙofa ba makulli, kowa na shige da fice har asuba. Na ɗaure jakata jikin ƙarfen taga na yi barcina. Daren nan kaɗai ya biya ni kuɗinta.

Amma kar wani ya ce maka ba ta yankuwa. Wanda ya zo da filaya mai kaifi kuma ya sami ɗaki ba kowa, zai yanke ta. Mai hanzari take tsayarwa, wanda ke da daƙiƙa goma kafin a juyo.

Baba Ila, Tibiri:
Salamu alaikum ɗiyana. Ni tun zamanin fim nike wagga sana'a, tun muna kai hoto wanki muna jiran kwana ukku. Ɗana Habu, ban goyi bayan ragar ga ba, kuma ga dalilina. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ka shigo tasha da jaka cikin ragar ƙarhe tana walƙiya, ka gaya ma kowa da ke wurin inda dukiya take. Wanda bai yi niyya ba ma sai ya dube ka sau biyu. Ɓarawon tasha ba nan take yake aiki ba, bin ka yake da ido, ya ga motar da ka shiga, ya ga inda ka sauka.

Ni shekara talatin da wani abu, cikin buhun shinkafa nike sa jakata, in ɗaure baki da igiyar rama, in aje tsakanin ƙafahuna. Da shi na tahi Kano, da shi na tahi Agadas. Ba a taɓa taɓa shi ba, don ba mai sha'awar buhun tsoho. Yaran yanzu kuna rataya jaka an rubuta Canon da manyan baƙaƙe, ga igiyar wuya ja da baƙi, sannan ku ce an bi ku.

Sani Ɗan Gulbi:
Baba, da girmanka, zamani ya canza. Kyamarar da ta yanzu ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma ɓarayin yanzu sun san kaya.

Baba Ila, Tibiri:
Ɗana, lokacin da munka sayi namu, kuɗin saniya munka ba da. Tsada ba yau ta hwara ba. Kuma in sun san kaya, ai shi ya sa nike cewa a ɓoye.

Laminu Sabon Gari:
Baba ya yi gaskiya a rabin maganar, kuma laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Ni ban taɓa yawo da ragar a fili ba. Jaka cikin raga, raga cikin tsohon buhu, igiyar kaɗai nake fiddawa ta ɗan rami a gindin buhun in ɗaure ƙafar kujera. Mai kallo buhu yake gani. In ya sa reza sai ya ci karo da ƙarfe. Hanyar Baba da tawa ba kishiyoyi ba ne, ɗaya tana rufe ɗaya.

Rakiya Bidiyo:
Assalamu alaikum. Yaya Habu, ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga tambayarka, amma abin yana cina tun da na fara karanta maganar nan. Kowa kyamara yake ta faɗi, ba wanda ya ambaci kati, wanda kyamara ke ajiye hotuna da bidiyo cikinshi.

Shekara uku da suka wuce na ɗauki bikin wata yarinya a Tasawa, kwana uku, daga sa lalle har kai amarya. Mu mata mu muke shiga inda namiji ba ya shiga, don haka duk abin da aka yi cikin gida a hannuna yake, ba wani mai kwafinshi. Kan hanyar dawowa ƙaramar jakata ta ɓata a wurin da muka tsaya salla. Kyamarar tana wuyana ƙarƙashin hijabi, ba abin da ya same ta. Katuna uku ne cikin jakar. Kakar amarya da ta yi mata addu'a tana kuka ranar kamu, wata biyu bayan bikin Allah ya yi mata rasuwa. Uwar yarinyar ta kira ni tana neman ko da minti ɗaya na muryar tsohuwar. Wallahi har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Na mayar musu da kuɗinsu duka, sun ma ce in bar shi, amma kuɗi ba shi suke nema ba.

Kyamara in ta tafi, bashi ne, za ka biya ka sake saye ko da shekara biyu. Bikin mutane ba a sake shi. Don haka kafin ka kashe jika 59 kan raga, ka tambayi kanka: kana da faifan ajiya na biyu? 6D ɗinka ramin kati ɗaya gare ta, ba kamar 5D Mark III mai biyu ba, ke nan duk abin da ka ɗauka a wuri ɗaya yake har sai ka juye. Ni yanzu duk dare kafin in kwanta sai na juye aikin ranar cikin kwamfuta da cikin faifai, katin kuma ba na goge shi sai na miƙa aiki. Kati yana cikin ɗan lalitar da na ɗinka, a jikina. Faifai cikin kayan sawata. Kwamfuta cikin jaka. Wuri uku, ba sa kwana tare.

Habu Mai Hoto, Zariya:
Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Rakiya wallahi kin taɓa ni. Ni duka a jaka ɗaya nake zuba su, har faifan. Ban taɓa lissafa haka ba.

Hajiya Mariya:
Amin. Ƙanwata Rakiya, Allah ya saka miki da alheri da kika faɗi wannan, ba kowa ke iya faɗin irinshi cikin jama'a ba. Ni abin da zan ƙara, ranar aiki ragar nan ba ta da amfani ko kaɗan. Wa zai tsaya kwance kwaɗo ango na shigowa? Kuma abokin Habu wurin hawa aka yanke shi, yana cikin aiki. Ko da yana da ragar, da tana gida. Cikin cunkoso jaka gaba ake goya ta, hannu ɗaya a kanta. In da hali ka ɗauki yaro amintacce wanda aikinshi riƙon jaka ne kaɗai, ba ya riƙe fitila, ba ya zuwa sayo ruwa.

Mamman Direba:
Salam. Ni ba mai hoto ba ne, ƙanena ne ya sa ni cikin rukunin nan don ina kai muku saƙo. Shekara 14 ina kan hanyar Maraɗi zuwa Yamai. Malam Habu, abu ɗaya nake roƙonka: da raga ko ba raga, kar ka yarda jakar nan ta shiga wurin kaya na ƙarƙashin mota. Ba ma maganar sata nake ba. Can ana ɗora buhun albasa, ana ɗora injin markaɗe, mota ta faɗa rami komi ya yi tsalle. Zafin wurin kuma da rana ba na wasa ba ne. Raga ba ta hana dannewa. Ƙari ma, ƙarfenta yana kama kayan mutane ya yage, a zo ana faɗa da yaran mota.

In yaron mota ya ce jakar ta yi girma, ka yi mishi magana da daɗi, ka ce kayan aiki ne masu saurin karyewa. Yawanci za su bar ka. Ka ɗora ta kan cinya ko tsakanin ƙafafu. Kar ka sa ta a kantar sama bayan kanka inda ba ka ganinta.

Inda kaya suka fi ɓata a sanina, wurin tsayawa ne. Mota ta tsaya Konni ko Dogonduci, kowa ya sauka salla da cin abinci, masu talla suna ta kai da kawo bakin ƙofa, wasu fasinjoji sun iso inda za su suna fita da kayansu. Cikin wannan hayaniya wa ya san jakar wa aka ɗauka? A nan kam in jakarka na ɗaure jikin ƙafar kujera, ka tsira. Amma ni da ni ne, da ita zan sauka, in aje ta gabana in yi sallata.

Sai maganar shingen bincike. Jandarma ko 'yan duwan in suka ga ƙarfe da kwaɗo, dole su ce buɗe. Ka sa makulli kusa, kar ka tsayar da mota kana lalube mutane na jiranka.

Laminu Sabon Gari:
Gaskiya ne Mamman. Sa ta da cire ta yana cin minti biyu zuwa uku in hannunka bai saba ba, kuma tana son harɗewa in ka naɗe ta da gaggawa. Ka gwada a gida sau da yawa kafin ranar tafiya. Sannan ka riƙe takardun sayen kayanka, ko hotonsu cikin salula, musamman in wata rana za ka bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Ka rubuta lambar jikin kowane abu: ta kyamara tana gindinta, ta objektif tana jikinshi kusa da inda ake ɗaurawa. In Allah ya kawo tsautsayi ka je komisariya, lambar za su fara tambaya. Ba lamba, ko ka ga kayanka a kasuwa ba ka da hujja. Kyamarori da yawa ma suna rubuta lambarsu cikin bayanan kowane hoto da suka ɗauka, don haka wanda bai rubuta ba ya duba tsofaffin hotunanshi a kwamfuta.

Nura Intanet:
Ni a ganina duk wannan wahala ce. Ka ce ɗan yayanka ya kawo maka AirTag, ɗan abu ne kamar kwabo, ka ɓoye cikin jaka, duk inda ta je kana ganinta a taswira. Bai kai rabin kuɗin ragar ba.

Abdu Jami'a:
Nura, ka san yadda yake aiki kuwa? AirTag ba shi da layi, ba shi da GPS. Bluetooth yake fitarwa, sai in wata iPhone ta gifta kusa da shi ita ce ke aika wurin da yake. A Paris wannan ba matsala. Tsakanin Gidan Rumji da Madawa iPhone nawa za ta gifta? Mu nan Tecno da Itel da Infinix ne a hannun jama'a. Kuma shi kanshi Habu sai yana da iPhone kafin ya iya haɗa shi. Cikin Yamai zai iya yin amfani, ban musa ba. Amma ko ya nuna maka unguwar, kai za ka shiga gidan mutane ka ce a fito da jakarka? Bayan an ɗauka yake aiki. Habu so yake kar a ɗauka.

Nura Intanet:
Na yarda da maganar iPhone. Amma in da hali a haɗa duka biyun ba laifi.

Sale Mai Walda, Bagalam:
Assalamu alaikum. Ni abin da ke ba ni haushi, komi sai an ce daga Turai. Na kalli hoton ragar nan da kyau. Wayar birkin keke ce fa da 'yan ƙarafan dannewa. A Maraɗi muna da maƙera, muna da dukawa, muna da teloli masu ɗinkin tanti. Ka sayo wayar birki, tela ya jera ta tsakanin yadi biyu masu kauri, a tsaye da a kwance, tazarar yatsa uku, ya ɗinke. Ka sami riga ta jaka wadda reza ba ta ratsawa, ba ta walƙiya, kuma tana tare ƙura, abin da ta Turawan ba ta yi. Ga hunturu na tafe, kun san abin da ƙurar hanya ke yi wa kyamara. Sai ka haɗa da makullin keke mai igiya, wanda ake saidawa a babbar kasuwa, ka zura ta hannun jakar. Duka ba zai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin waccan ba.

Laminu Sabon Gari:
Malam Sale, dabarar tana da kyau kuma ina son in ga an yi ta. Abu biyu dai zan ja hankalinka. Na farko mahaɗa. Ƙarfin ragar a wurin da igiyoyin suka haɗu yake. In ba a danne kowace mahaɗa ba, ɓarawo zai yanke yadin ya ture wayoyin gefe ya zura hannu. Na biyu, makullin keke ta hannun jaka: hannun yadi ne, reza ɗaya ta raba shi da jakar, a bar maka makullinka jikin kujera. Dole igiyar ta kewaye jikin jakar ko ta bi ta cikin ƙarfen rigar. Kuma bakin wayar birki in ya warware yana tsinin allura, zai huda jaka ya huda hannu.

Sale Mai Walda, Bagalam:
Mahaɗa ba matsala, da guntun bututun tagulla da guduma za a danne. Bakin waya kuma a ɗiga mishi dalma. Ka kawo taka shago in auna, in yi ɗaya mu gwada ta da reza da filaya gaban kowa. In ta faɗi, ni na yi asara.

Baba Ila, Tibiri:
Wagga magana ta Sale ita ta hi kwanta mini. Abin da anka yi gida, in ya ɓaci gida za a gyara shi.

Malam Isufu Limanci:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ga wasu a gefe suna cewa duk wannan rashin tawakkali ne, abin da zai ɓata sai ya ɓata. A'a. Tirmizi ya ruwaito mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗaure raƙumarshi ne ya yi tawakkali ko ya sake ta, aka ce mishi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Tsare dukiya ba laifi, balle wadda amanar mutane ke ciki kamar yadda 'yar uwa Rakiya ta nuna.

Abin da ya dame ni daban ne. Malam Habu, in ka je Yamai a gidan masu biki za a sauke ka ko? Mutum ya ba ka ɗaki, ya ba ka shimfiɗa, matarshi ta aiko maka da tuwo, sai ya leƙo ya tarar ka ɗaure jakarka da sarƙa jikin gadonshi. Me ka ce mishi ke nan? Ka ce gidanshi gidan ɓarayi ne. Ko bai yi magana ba zai riƙe a ranshi. Turawan da suka ƙera abin nan otel suke kwana cikin baƙin da ba su sani ba. Mu gidan mutane muke sauka.

Hajiya Mariya:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma a nan ban bi ka duka ba. Gidan biki ba gidan mutum ɗaya ba ne a kwanakin nan. 'Yan uwa daga ƙauye, maƙwabta, masu kiɗa, yaran unguwa, wanda aka gayyata da wanda ba a gayyata ba. Ita kanta uwar amarya ɗakinta a kulle yake, makulli ɗaure a bakin zanenta. Kuma in kayan baƙo suka ɓata, wa ke shiga kunya? Mai gida. Na ga gidan da aka yi sata ranar biki, aka tara yaran gida ana tuhuma, zumunci ya lalace har yau.

Ni abin da nake yi, ina isa sai in nemi uwar gida in ce, Hajiya ga amana, kayan aikina ne, ki sa mini inda kike sa naki. Ba ta taɓa jin haushi, daɗi ma take ji an yarda da ita. Ta kulle, da safe ta ba ni. Batir da nake caji kaɗai ke kwana wurina.

Malam Isufu Limanci:
Hajiya, wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma ba ta saɓa wa abin da na faɗa ba. Amana a hannun mai gida ta fi sarƙa a gadonshi. Ragar a bar ta wa tasha da masaukin haya.

Rakiya Bidiyo:
Sai dai ko an ba da jakar amana, katin yana jikinka.

Alhaji Labo:
Salam. Na makara, amma bari in sa baki ta fannin jirgi, don wataƙila wani cikinku zai bi alhazai ko masu umara aiki. Kyamara ba a ba da ita a awo, hannu ake riƙe ta. Batir na ajiya kuwa doka ce ma, ba a yarda su shiga kayan ƙasa ba, sai jakar hannu, kuma wanda bai wuce 100Wh ba, wato ma'aunin wutar da batir ke ɗauka, shi ne ba ya buƙatar izini. Na 6D wajen 13Wh ne, ba damuwa. Ragar kuma in za ka tafi da ita, naɗe ta ka jefa cikin babban akwati, don rabin kilon nan zai ci maka nauyin jakar hannu, ga shi a na'urar bincike ta filin jirgin Diori Hamani na Yamai za a so a ga mene ne.

Sai kwaɗo. Kar ku dogara da ƙaramin nan mai jar alama da ake kira TSA. An yi shi ne don jami'an filin jirgin Amurka su buɗe da makullinsu, kuma tun 2015 zanen makullan ya bazu a intanet. Ku nemi kwaɗon tagulla mai kyau wanda bakinshi ya shiga ramin. Kuma kwaɗo a kan zif kaɗai yaudarar kai ne. Ku gwada da tsohuwar jaka: ku danna bakin bik tsakanin haƙoran zif, zai buɗe, a kwashe kaya, a ja kan zif ɗin ya bi ta wurin ya rufe kamar ba a taɓa ba. A nan ragar ta fi kwaɗo nesa ba kusa ba.

Habu Mai Hoto, Zariya:
Na gwada yanzun nan da jakar makarantar yarona, Alhaji. Wallahi ta buɗe. Shekara huɗu da ɗan kwaɗo a zif nake tafiya.

To Yaya Laminu, saura maganar girma. In zan saya, 55 irin taka ko ƙaramar?

Laminu Sabon Gari:
Cika jakar kamar ranar tafiya, ka cire ƙafar kyamara daga gefe, ka auna tsawo da faɗi da kauri da santimita. Ka ninka su, ka raba da 1000, ka sami lita.

Habu Mai Hoto, Zariya:
Tsawo 46, faɗi 31, kauri 21.

Abdu Jami'a:
Lita 30 ke nan saura kaɗan.

Laminu Sabon Gari:
To C35 ce taka, C25 ta yi maka kaɗan. Kar ka ce bari in ɗauki babba don gaba. Raga in ta yi wa jaka yawa sai ta yi sako-sako, idanunta su buɗe, a ja zif ta tsakani a zaro batir ko kati ko ƙaramin objektif ɗin nan naka. So ake ta ɗame. Tawa 55 ta ɗan yi wa jakata yawa, shi ya sa nake naɗe jakar da bargo kafin in zura, bargon kuma yana hana ƙarfen goge yadin yana tare ƙura. In ɗan naka bai sami C35 ba, ya ɗauki 55 ka yi yadda nake yi. Ka juya gefen zif ya kalli ciki, wajen bargon. Ya kuma duba tsawon igiyar ɗaurewa, ya tabbata kwaɗo na cikin kwalin.

Sani Ɗan Gulbi:
Ni dai har yanzu ina kan bakata, ya saya.

Baba Ila, Tibiri:
Ni ma ina kan tawa. Amma tunda cikin buhu za ta zamna, ba ni da ja.

Habu Mai Hoto, Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya. Kuɗin da ke hannuna yanzu faifai na biyu da ƙarin kati zan fara saye da su, gobe Juma'a zan shiga kasuwa, matata kuma ta ce za ta ɗinka mini lalita irin ta Rakiya. Jaka ba za ta shiga ƙarƙashin mota ba, Mamman. A gidan biki zan miƙa ta ga uwar gida. Lambobin kayan na rubuta su daren nan, na aika wa ƙanena kwafi. Ragar kuma ina sonta don daren da zan kwana tashar Yamai kafin motar asuba, da masaukin Damagaram da ba na gidan kowa ba ne. Sai dai ɗan yayana ba zai iso ba sai bayan tafiyar, ga kuma ta Malam Sale da nake son in ga yadda za ta kasance kafin in ce a kawo.

Laminu Sabon Gari:
To ai sai ka ɗauki tawa ka yi tafiyar da ita, ba ni da aikin waje watan nan. In ka dawo ka san ko ta cancanci kuɗinta a wurinka. Amma bari Malam Sale ya fara aunawa. Sale, ranar Asabar bayan la'asar zan kawo maka ita shago. Habu ka same mu can da jakarka a cike, in nuna maka yadda ake ɗame ta.

Sale Mai Walda, Bagalam:
Ina nan. Habu ka taho da bargon da za ka naɗe ta da shi, don da shi zan yi awo.

Baba Ila, Tibiri:
Buhu kuma kar ka sayi sabo, ɗana. Ina da tsoho mai kauri, zan ba yaron da ke kawo nono ya aje maka shagon Sale.